Daga A Zuwa Ö: Yadda Ake Kiran Haruffan Suwidanci Har a Rubuta Sunanka Daidai

Duk wanda ya sauka ƙasar Suwidin, ko karatu ya kai shi ko aiki ko aure, akwai tambayar da za ta yi ta binsa tun makon farko: "Hur stavas det?" Wato yaya ake rubuta shi? Za a yi maka ita a ofishin Skatteverket, hukumar harajin ƙasar, ranar da ka je neman lambar shaidar mazaunin ƙasa da suke kira personnummer, za a yi maka ita a asibitin unguwa, a banki, da wurin karɓar saƙo. Sunayenmu baƙi ne a kunnensu, don haka sai ka jero musu haruffan ɗaya bayan ɗaya. A nan ne mutum mai digiri yake tsayawa yana inda-inda, ba don bai san harafin ba, sai don sunan da ya san shi da shi na Turanci ne, su kuwa da wani suna suka san shi.

Shawarata tun daga farko ita ce ka ajiye Turanci gefe. Kunnenka na Hausa ya fi shi amfani a wannan aiki nesa ba kusa ba. A cikin bayanin nan, duk inda na ninka wasali, kamar "ee" ko "uu", ina nufin a ja shi. Rubutun kusantarwa ne kawai, kunne ne zai ƙarasa sauran.

Mataki na farko: san abin da ke gabanka

Haruffan Suwidanci 29 ne. Ashirin da shida na farko su ne A zuwa Z da ka sani, sai uku da ke biye da Z a jere: Å, Ä, Ö. Tara wasula ne, wato A, E, I, O, U, Y, Å, Ä, Ö, ashirin kuma baƙaƙe. Lura da cewa Y wasali ne a wurinsu, ba baƙin da ke farkon "yaro" ba.

Kada ka ɗauki ukun ƙarshen nan a matsayin A da O da aka yi wa ado. Bahaushe ya fi kowa sanin wannan, don ya san ɓ ba b ba ce, ya san tazarar da ke tsakanin "ɓari" da "bari", da "ƙafa" da "kafa". Haka Å da Ä da Ö suke, kowanne da sunansa da sautinsa da mazauninsa a ƙamus. In kana neman garin Örebro a jerin sunaye, can ƙarshe za ka same shi, ba kusa da Oslo ba. Biyu daga cikinsu ma kalmomi ne masu zaman kansu: å ƙaramin kogi ne, ö kuwa tsibiri.

W shi ne autan gidan. An daɗe ana lissafa shi tare da V kamar abu ɗaya, sai a shekarar 2006, da Svenska Akademien, majalisar masanan da Sarki Gustav na Uku ya kafa a 1786, ta fitar da bugu na 13 na kundin kalmominta, aka ware masa nasa gurbin. Shi ya sa za ka iya cin karo da tsohon littafi da ya ce haruffan 28 ne.

Mataki na biyu: ja da shadda

Kafin ka kira harafi ko ɗaya, riƙe wannan ƙa'ida, don a kanta komai ya ginu. A Suwidanci, gaɓar da aka ƙarfafa ko dai wasalinta ya yi tsawo, ko kuma wasalin ya gajarce baƙin da ke bayansa ya ɗauki nauyin. Tak, da dogon wasali, rufin ɗaki ne. Tack, da gajeren wasali da baƙi mai ƙarfi, na gode ke nan. Glas gilashi ne, glass kuwa askirim.

Bature mai jin Ingilishi yakan sha wahala a nan, mu kuwa gado muka yi. Mun san garin Kano daban da garin tuwo, mun san "baba" daban da "babba", "mana" daban da "manna". Wanda ya yi makarantar allo ya san madda ya san shadda. To sunayen haruffan nan haka suka rabu. Duk sunan da ya ƙare da wasali, ja shi za ka yi sosai. Duk wanda ya ƙare da baƙi, ka datse wasalin ka danna baƙin. In ka yi wannan kaɗai, ka ci rabin tafiya.

Mataki na uku: wasulan da ka riga ka mallaka

E da I kyauta ka same su. E sunansa "ee", kamar wasulan "keke", sai dai ka ɗan ƙara matse harshe sama. I sunansa "ii", kamar na farkon "kifi". Yadda malamin Hausa ya koya maka a firamare, haka suke. Haɗarin yana ga wanda Turanci ya zauna masa a baki: zai so E ya ce "ii", ma'aikaciya ta rubuta I, zai so A ya ce "ei", ta rubuta E. Da haka Amina take komawa wata daban a takarda.

A sunansa "aa", amma ba siririyar "aa" ta "rana" ba. Daga can cikin baki take fitowa, da kauri, leɓɓa sun ɗan zagaye kaɗan. Wanda ya yi tajwidi ya tuna yadda ake kaurara alifin da ya biyo bayan ƙaf ko ṣad. Kusan haka take. Kada dai kaurin ya yi yawa har ta zama "oo", don "oo" na da mai shi.

Mai shi kuwa shi ne Å. Sunansa "oo", kamar wasulan "goro". Ɗan da'irar da ke kansa asalinta ƙaramin o ne da marubutan da suke ɗorawa a kan a, kuma ya zauna da gindinsa tun zamanin Baibul ɗin Sarki Gustav Vasa na 1541. Masu karatun kimiyya sun san shi a sunan Ångström, masanin nan na Uppsala da aka sa wa ma'aunin tsawo sunansa. Båt, jirgin ruwa, "boot" ake cewa. År, shekara, "oor".

Ä sunansa "ee" ce buɗaɗɗiya. Ka ce "ee" ta Hausa, sai ka sauke haɓa, baki ya ƙara buɗewa. Kukan tunkiya ne mafi saurin koya maka ita, kuma su kansu bä suke rubuta kukan. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi Faransanci ba su da aiki a nan: E ita ce é, Ä ita ce è da aka ja. Ka bambanta su da kyau a bakinka, ko da za ka ji wasu tsofaffin 'yan Stockholm suna haɗe su.

Mataki na huɗu: O, U, Y da Ö, inda gumin yake

A nan nake so ka daɗe. Nemi madubi, don aikin na leɓe ne, ido zai taimaki kunne.

O ba wuyar furtawa gare shi ba, wuyar yarda gare shi. Idonka na ganin O, amma sunansa "uu", kamar ta "kuka", da leɓɓa a tsuke sosai har su kusa haɗewa a ƙarshe. Bok, littafi, "buuk" ne. Sko, takalmi, "skuu". Gaskiya ne a cikin wasu kalmomi O kan yi sautin "o", kamar a komma, amma in harafin kake kira, "uu" ne ba sauyi. Gwada da Kano: in ka kai ƙarshe ka ce "oo", Kanå za a rubuta maka. Sokoto ta fi kowace kalma horar da baki a kan wannan: ess, uu, koo, uu, tee, uu. Maimaita ta har ta daina yi maka baƙunta.

To in O ya ɗauke "uu", me ya rage wa U? Sautin da babu shi a Hausa, babu a Larabci, babu a Turanci. Ga yadda za ka kama shi. Ka ce "uu" ka riƙe ta. Kada ka motsa leɓɓa, sai ka turo harshenka gaba a hankali kamar mai shirin cewa "ii", ka tsaya a tsakiyar hanya ko gaba kaɗan. Leɓɓan su kasance a tsuke, a manne da haƙora, ƙofar ƙarama, ba a turo su waje ba. Abin da ya fito shi ne U. Ana jin sa a hus, gida, da du, kai ko ke, da nu, yanzu. Kalmar du kuwa za ka faɗe ta sau ɗari a yini, don da ita ake kiran kowa a ƙasar, babba da yaro, don haka ba ta da makawa.

Y daga "ii" ake zuwa masa. Ka ce "ii", harshe ya tsaya inda yake daram, sai ka zumɓuro leɓɓa waje kamar bakin kakaki, har cikin leɓen sama ya ɗan bayyana a madubi. Mai Faransanci ya fara daga u ta "lune" ya ƙara turo baki. Bambancin U da Y a madubi ke nan: U leɓɓa a tsuke ciki, Y leɓɓa a buɗe waje.

Kalmomi uku za su zame maka ma'auni: ni, ny, nu. Ta farko "ku", ta biyu "sabo", ta uku "yanzu". Ɗauki muryarka a waya kana faɗin su a jere, ka saurara bayan awa ɗaya. In kai da kanka ba ka iya tantance wacce ce wacce ba, to ba a gama ba. Na fi yarda da wannan gwaji fiye da tambayar abokin da ke ƙasar, domin mutanen Suwidin suna da kara, da wuya su ce maka ka yi kuskure. Za su gyaɗa kai, su juya zuwa Turanci, kai kuma ka tafi da kuskurenka.

Ö ya fi su sauƙi. Dabarar Y ce, amma daga "ee". Ka ce "ee", ka bar harshe a wurin, ka zagaye leɓɓa. Shi ne eu na Faransanci a "deux". Öga ido ne, snö dusar ƙanƙara, kuma shi ne a ƙarshen Malmö. Ɗigo biyun da ke kan Ä da Ö ragowar ƙaramin e ne da ake rubutawa a samansu a da, kuma sanin haka na taimakawa: Ö o ce da e ta shige ta.

Wani abu da zai iya ruɗa ka in ka saurari 'yan tsakiyar ƙasar: dogayen wasulansu ba sa ƙarewa a miƙe. I da Y kan ƙare da ɗan sauti kamar "y", O da U da ɗan sauti kamar "w", E kuma kan karkata kamar "eea". A wasu unguwannin Stockholm da Göteborg har wani zuzu kamar na ƙudan zuma za ka ji a cikin I. Ba sai ka kwaikwayi ko ɗaya ba. Miƙaƙƙen wasali mai tsawo ya isa a gane ka.

Mataki na biyar: baƙaƙen da ke ƙarewa da "ee"

B, C, D, G, P, T, V. Sunayensu bee, see, dee, gee, pee, tee, vee, duk da "ee" ta "keke". Mai Faransanci zai ga kamar gida ya dawo, in ban da G.

C "see" ne, ba "ca" ta "cinya" ba. A cikin kalma yakan yi "s" a gaban e, i, y, kamar a sunan Celsius mai ma'aunin zafi, in ba haka ba ya yi "k".

G na da wani abin lura. Sunansa "gee" da g ta "gero". Amma a cikin kalma, in ya zo gaban E, I, Y, Ä ko Ö, yawanci yakan narke ya koma "y". Shi ya sa birnin da aka rubuta Göteborg ake fara shi da "yö", kuma kalmar ge, bayarwa, "yee" ake ce mata alhali rubutunta ɗaya da sunan harafin. Kada wannan ya ja ka. In harafi kake kira, g mai tauri ce.

P da V su ne ainihin jarrabawar Bahaushe, kuma babu abin kunya a ciki, harshenmu ne bai raba su da F da B ba. Mu da leɓɓa biyu muke yin f ɗinmu, shi ya sa take yawo tsakanin f da p da h. Su kuwa wuri uku ne daban. F: haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, iska na fita, maƙogwaro shiru. V: wuri ɗaya da F, amma maƙogwaro na rawa, ɗora yatsa a wuyanka za ka ji. P: leɓɓa biyu a rufe ruf, sai su fashe da iska. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in ka ce "pee" ta motsa, in ka ce "bee" ta tsaya. Kalmomin horo su ne far, var, par, bar: uba, ina, biyu masu tafiya tare, da mashaya. Sai fem da vem, biyar da wane ne. Minti biyar kullum a kan waɗannan ya fi awa biyu rana ɗaya.

W sunansa "dubbel-vee", wato V mai ninki, kuma a bakin yawancinsu sautinsa v ne. In ana sauri ma "vee" kawai ake ce masa: www "vee-vee-vee" ne, WC "vee-see", BMW "bee-emm-vee". Sunayenmu cike suke da W, su Hauwa da Lawal da Marwa, don haka kullum ka faɗi "dubbel-vee" cikakke. In V ɗin gaske kake nufi kana so ka kore shakka, ka ce "enkel-vee", wato tilo.

Mataki na shida: masu farawa da wasali

F, L, M, N, S, X: eff, ell, emm, enn, ess, eks. Nan ne shaddar ke aiki. Wasali gajere, baƙi a danne, kamar "ll" ta "kallo" da "nn" ta "sannu". Ba su da wata wahala, sai dai M da N sukan rikice a waya, za mu zo kan maganinsu.

R sunansa "ärr". Wasalin buɗaɗɗe ne sosai, tsakanin e da a, domin r kan buɗe Ä da Ö in ta biyo su. Hausa na da r iri biyu, ta "rana" da ake kaɗa harshe sau ɗaya, da ta "tara" da "arba'in" mai karkarwa. Ta biyun za ka ɗauka. In ka sauka kudu, yankin Skåne inda Malmö da Lund suke, za ka ji r ɗinsu daga maƙogwaro take fita kamar ta Faransawa. Taka mai karkarwa karɓaɓɓiya ce ko'ina.

Mataki na bakwai: 'yan ba-ruwanmu

Saura biyar da ba su bi layin kowa ba. H "hoo" ne, K "koo", dukansu da wasalin Å. Kantin tufafin nan H&M, a ƙasarsa "hoo-emm" ake ce masa. K ma kamar G yake a cikin kalma, yakan yi laushi a gaban E, I, Y, Ä, Ö ya koma wani abu kusa da "sh" ɗinmu, kamar a köpa, saye, da tsakiyar Linköping. Sunan harafin dai "koo".

Q "kuu" ne, amma da U ɗin nan mai wuya, ba "uu" ta Hausa ba. Ba ka cika ganinsa ba sai a sunayen iyali irin Lindqvist. Z sunansa "sääta", da s, domin babu sautin z a Suwidanci sam. Ɗan ƙwallon nan na Malmö, Zlatan Ibrahimović, "Slatan" suke kiransa. Zainab da Zubairu su shirya jin an kira su da s, kuma in suna jero haruffa lallai su ce "sääta", in ba haka ba S za a rubuta.

J "yii" ne, don sautinsa y ne, kamar a ja, wato i, da ake cewa "yaa". Jamilu zai ji an kira "Yamilu" a ɗakin jira, Hajara ta ji "Hayara". Ka saba da amsawa, ka kuma kula kada "yii" ta J ta haɗe maka da "ii" ta I ko da Y. Su ukun nan maƙwabtan juna ne a kunne.

Yanzu jero su duka daga farko, a hankali, kana ja inda ake ja: aa, bee, see, dee, ee, eff, gee, hoo, ii, yii, koo, ell, emm, enn, uu, pee, ku, ärr, ess, tee, u, vee, dubbel-vee, eks, y, sääta, oo, ä, ö. Kada ka tsaya a jeren kaɗai, don wanda ya haddace jere yakan kasa ciro harafi daga tsakiya. Rubuta su a 'yan takardu, ka cakuɗa, ka riƙa zaro ɗaya kana kiran sunansa nan take.

Mataki na takwas: fitar da su titi

Gajerun sunayen hukumomi da kamfanoni su ne filin atisaye mafi kyau, don kullum ana faɗin su. Gidan talabijin na ƙasa SVT, "ess-vee-tee". Kamfanin jirgin ƙasa SJ, "ess-yii". Motocin haya da jiragen Stockholm SL, "ess-ell". Darasin harshe da ƙananan hukumomi ke ba baƙi kyauta SFI, "ess-eff-ii". Talabijin kanta "tee-vee" ce. Tarayyar Turai EU, da Amurka USA, duk suna ɗauke da U, ka ga dama ta samu. Lambobin motocin ƙasar da haruffa uku suke farawa, don haka in kana tsaye a tasha, karanta na kowace mota da ta wuce a zuciyarka ko a hankali.

Don jin sautin daga bakin masu shi, ƙamus ɗin Svensk ordbok da ke shafin svenska.se yana da murya ga kalmomi, kuma SVT da Sveriges Radio suna da labarai cikin sauƙaƙƙen Suwidanci da ake karantawa a hankali. Saurari jimla, ka tsayar, ka maimaita da ƙarfi. A irin wannan karatu ji ne ya kori gani.

Mataki na tara: sunanka, a waya

Fuska da fuska mutum na ganin leɓɓanka. A waya babu wannan, B da P da V duk sai su zama ɗaya, M da N ma haka. Maganin da suke da shi shi ne jerin sunaye, akasarinsu na maza, kowane harafi da nasa: Adam, Bertil, Cesar, David, Erik, Filip, Gustav, Helge, Ivar, Johan, Kalle, Ludvig, Martin, Niklas, Olof, Petter, Qvintus, Rudolf, Sigurd, Tore, Urban, Viktor, Wilhelm, Xerxes, Yngve, Zäta, Åke, Ärlig, Östen. Ana haɗawa da "som i", wato kamar a cikin: "bee som i Bertil", "enn som i Niklas".

Ba sai ka haddace duka 29 a zama ɗaya ba. Ciro waɗanda ke cikin sunanka da na mahaifinka da na titinku, su ne naka. Jamilu zai ce Johan, Adam, Martin, Ivar, Ludvig, Urban. Hauwa ta ce Helge, Adam, Urban, Wilhelm, Adam. Yusuf ne ya fi kowa buƙatar jerin, tunda sunansa ya fara da Y da U a jere, wasula biyu mafi wuya: Yngve, Urban, Sigurd, Urban, Filip. Ni a ganina, mai irin wannan suna ya fara da jerin kai tsaye, kada ya jira sai an kasa ganewa. Sunayen ma a furta su yadda masu su ke yi, Johan da "yu", Olof da "uu", Cesar da "see".

Haruffanmu masu ƙugiya ba su da gurbi a kwamfutocin ofisoshinsu. Ɗahiru da Ƙasimu su jero abin da ke cikin fasfo, D da K, harafi da harafi, ko da ba haka suke rubutawa a gida ba. Sunan da ya saɓa wa fasfo da harafi ɗaya yakan jawo zirga-zirgar gyara mai cin lokaci. Su ma nasu haruffan haka suke sha a waje: a layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa, Å kan koma AA, Ä ta koma AE, Ö ta koma OE.

Ga 'yan kalmomin da za ka ji ko ka buƙata. "Kan du bokstavera?" na nufin ko za ka jero haruffan. In harafi biyu ne iri ɗaya, kamar a Hassan, ka ce "två ess". Babban baƙi "stor bokstav", ƙarami "liten bokstav". In ba ka ji ba, "en gång till", a sake sau ɗaya, ko "långsammare", a sassauta. In ka ga é a suna ko a kalma irin idé, ba harafi ne na daban ba, E ce da alama. Ü na sunayen Jamusawa kuma "tyskt y" suke ce masa, Y ɗin Jamus.

Adireshin imel na da nasa kayan. Alamar @ sunanta "snabel-a", wato a mai hannun giwa. Ɗigo "punkt", karan tsakiya "bindestreck", karan ƙasa "understreck". Adireshin da ya ƙare da .se sai ka ce "punkt ess ee". In za ka rubuta Å, Ä, Ö a waya, danna a ko o ka riƙe, za su fito. A allon kwamfutar Suwidin kuwa Å na dama da P, Ö na dama da L, Ä na biye da Ö.

In ka gama jerowa, roƙi wanda ke ɗaya gefen ya karanto maka abin da ya rubuta: "Kan du läsa upp det?" Ka kasa kunne musamman a wuraren E da I, da O da Å, da V da W. In ka ji "oo" inda kake jiran "uu", tsayar da shi a nan, ka ce "nej, uu som i Olof".